Jagaba a Aljihu, Hukunci a Gida: Bahasi Kan Kafa Injin Zaɓen Hanya na Kai Domin Wayar Hannu

Muƙaddima

 

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, kuma duk wanda ya taɓa shiga baƙon gari da la'asar sakaliya, ya tsaya gaban mai shayi ko mai faci ya yi sallama, aka ɗaga hannu aka ce masa ya miƙe har ya wuce masallacin Juma'a sannan ya karya dama, ya san gaskiyar wannan magana. Tambayar tana nan yadda take har yau, wanda ake tambaya ne ya sake, domin matafiyi ya daina sauke gilashin mota, ya koma zaro waya daga aljihu. Ita kuwa wayar, a hannun mafi yawan mutane, ba ita ke da amsar ba, aika tambayar take yi zuwa wata kwamfuta da ke wata ƙasa, mallakar wani kamfani, ta jira a yanke hukunci a can a turo mata. Mas'alar da na zo da ita gabanku ita ce ko zai yiwu mutum, ko ƙungiya, ko ma'aikata, su ajiye wannan kwamfuta mai ba da amsa a ƙarƙashin ikonsu, wayoyinsu su riƙa tambayarta. Amsar ita ce zai yiwu, kuma na yi da hannuna. Da'awata a wannan takarda kuwa ita ce, ko da yake galibin masu yin haka a ƙasashen Turai saboda tsare sirri suke yi, mu fa'idar da ta fi girma a gare mu wata ce daban: zaɓen hanya hukunci ne da ake yi bisa ma'auni, kuma wanda ya riƙe injin shi ke riƙe da ma'aunin.

Ayyuka huɗu da ake zaton ɗaya ne

Kafin bahasi ya yi nisa ya wajaba a rarrabe abubuwan da waya ke cuɗawa wuri guda. Na farko shi ne sanin inda mutum yake. Wannan aikin taurarin ɗan'adam ne, irin na GPS na Amurka da ke shawagi a nisan kimanin kilomita 20,000 daga doron ƙasa, da takwarorinsu Galileo na Turai da GLONASS na Rasha da BeiDou na Sin. Waya sauraronsu kawai take yi, ba ta aika musu komai, kuma da zarar ta ji huɗu daga cikinsu za ta iya lissafa matsayinta ko babu sabis, ko babu sim a cikinta. Tun watan Mayu na shekarar 2000, sa'ad da gwamnatin Amurka ta daina gurɓata siginar da farar hula ke amfani da ita da gangan, wannan lissafi ya kai ingancin da zai bambanta wannan titi da wancan. Na biyu shi ne taswira kanta. Na uku neman wuri da sunansa, wato mayar da "Kantin Kwari" zuwa lambobi biyu na tsawo da faɗi. Na huɗu, wanda shi ne maudu'inmu, zaɓen hanya tsakanin wuri da wuri. Zan riƙa kiran manhajar da ke wannan aiki da injin zaɓen hanya, wani lokaci kuma in ce jagaba, saboda a ayarin fatake na da, masu zuwa Gwanja sayen goro, madugu shi ne shugaba, amma jagaba ke gaba yana nuna inda za a bi.

Yadda jagaban ke yanke hukunci

Injin ba ya ganin ƙasa yadda ido ke ganinta. A wurinsa duniya mararrabai ce da gaɓoɓin hanya da ke haɗa su, kowace gaɓa kuma an rataya mata lamba guda da za mu kira nauyi. Wannan tsari ba baƙo ba ne ga wanda ya san littattafan malamanmu na fannin hanyoyi da masarautu, domin Ibn Khurradazbih, wanda ya riƙe shugabancin gidan waya a wani lardi na daular Abbasiyya a ƙarni na 9, abin da ya tara a littafinsa ke nan: sunayen zanguna, da adadin farsakhi tsakanin wannan zango da wancan. Haka nan lokacin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karɓi Bature matafiyi Clapperton a Sakkwato a 1824, an zana wa baƙon taswirar ƙasar da garuruwanta da hanyoyinta, aka kuma buga ta a Ingila a 1826. Abin da zamani ya ƙaro shi ne ƙa'idar lissafi da za ta bi irin wannan jeri, ko da mararrabansa sun kai miliyoyi, ta fitar da hanyar da jimillar nauyinta ta fi kowace ƙanƙanta.

Wanda ya fito da ƙa'idar da har gobe ita ce ginshiƙin fannin shi ne Edsger Dijkstra, mutumin Holan, a 1956, ya kuma wallafa ta a 1959; ya gwada ta ne da taswirar garuruwa 64 na ƙasarsa. Mafi sauƙin hanyar fahimtarta ita ce a tuna da mai lambu idan ya saki ruwa a bakin magudana: ruwan yana bin kowane reshe a lokaci guda, yana fara isa fangalin da ke kusa kafin na nesa, kuma duk fangalin da ya fara jiƙewa, to ta hanya mafi kusa ruwan ya iso masa, ba sai an sake bincike ba. Haka injin ke malala daga inda matafiyi yake, mararraba bayan mararraba, har ya taɓa inda ake nufi, sannan ya waiwaya ya bi sawunsa. Illar wannan ita ce jinkiri, domin mai nufin Kaduna daga Kano sai injin ya malale Bichi da Wudil da Gwarzo duka kafin ya iso Zariya. Saboda haka masana suka yi ta neman gajartawa, har a 2008 wasu masu bincike a jami'ar Karlsruhe ta Jamus suka fito da dabarar da ake yin aikin tun kafin a yi tambaya: injin ya zauna sau ɗaya ya bi dukan taswirar, ya jera mararrabai bisa muhimmancinsu, ya ƙulla gajerun hanyoyi a bisa marasa muhimmanci, kamar dai tsohon direba da ba ya tsayawa tunanin lungunan Kwanar Dangora ko Tashar Yari idan ya ɗauki hanyar Zariya, domin ya riga ya san babbar hanya ratsa su take yi. Da wannan dabara amsar da ke ɗaukar daƙiƙoƙi ta koma ƙiftawar ido.

To, a nan ne nake roƙon ku tsaya tare da ni, domin duk wannan lissafi, komai kyansa, ya dogara ne ga lambar da aka rataya wa kowace gaɓa, ita kuwa lambar ɗan'adam ne ya zaɓe ta. Mu ƙaddara hanyoyi biyu daga wani gari zuwa wani ƙauye. Ɗaya kwalta ce mai kilomita 30, an ce wa injin ana gudun kilomita 60 a awa a kanta, wato tafiyar minti 30. Ɗayar burji ce mai kilomita 18, an ce masa ana gudun 40, wato minti 27. Injin zai zaɓi ta biyu ba tare da ko ɗar ba, saboda ribar minti 3. Amma in watan Agusta ne, ruwa ya zaizaye burjin, gudun da mota za ta iya bai wuce 20 ba, to tafiyar ta zama minti 54, ban da wahalar da ƙafafun mota da bayan fasinja za su sha. Lissafin bai yi kuskure ba ko kaɗan. Muƙaddimar da aka ba shi ce ɓatacciya, kuma malaman manɗiƙi sun daɗe da sanar da mu cewa ƙiyasi ingantacce a kan muƙaddima ɓatacciya natija ɓatacciya yake haifarwa. Mu da muke cewa hanyar lafiya a bi ta da shekara muna da ma'auninmu, wanda ya haɗa da damina da rani, da inda ba a bi bayan magariba, da lungun da Adaidaita Sahu ke shiga amma mota ba ta shiga, da ranar da kasuwar ƙauye ke ci ta cinye rabin titi. Manyan kamfanoni suna ƙoƙari, har Google ya ƙara tsarin masu babur a taswirarsa ta Nijeriya a 2019. Sai dai ma'aunin yana hannunsu, ba a nuna maka shi, ba ka kuma da ikon gyara shi. Wanda ya kafa injinsa yana buɗe takardar ƙa'idojin ya karanta layi bayan layi, ya ga an rubuta gudu kaza ga kwalta, kaza ga turɓaya, ya goge ya sa abin da ya sani.

Kayan aiki da yadda ake haɗa su

Taswirar da ake gina wannan aiki a kanta ita ce OpenStreetMap, wadda Steve Coast ya assasa a Ingila a 2004, bisa manufar cewa kowa na iya zanawa, kowa kuma na iya ɗauka kyauta, da sharaɗin ya ambaci inda ya samo. Duniya ta san ƙimarta ne bayan girgizar ƙasar Haiti a Janairun 2010, sa'ad da 'yan sa-kai daga ƙasashe dabam-dabam suka zana titunan babban birnin ƙasar daga hotunan sama cikin 'yan kwanaki domin masu aikin ceto. Wani abu da ya kamata ya burge almajirin hadisi a cikinta shi ne kowane layi yana da isnadi: ana iya duba wanda ya zana shi, da ranar, da wanda ya gyara bayansa, da abin da ya canza. Kundin duniya baki ɗaya ya haura gigabait 70, amma babu mai bukatarsa duka. Wani kamfani a Karlsruhe mai suna Geofabrik yana yanka shi ƙasa-ƙasa yana sabuntawa kullum, kuma na Nijeriya bai kai gigabait guda ba.

Injunan da aka fi sani uku ne, dukansu kyauta, kuma rubutun asalinsu a buɗe yake. OSRM, wanda Dennis Luxen ya fara, shi ne mafi sauri wajen amsa, amma yana cin ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma in ka canza ƙa'ida sai ka sake niƙa taswirar, wato injin ya sake shirya ta daga farko. GraphHopper, wanda Peter Karich ya fara shi ma a Jamus, tsaka-tsaki ne. Valhalla, wanda aka gina a kamfanin Mapzen kafin a rufe shi a farkon 2018, yana yanka taswira gida-gida kamar fangalai, ya ɗauko wanda ake bukata kawai, kuma yana auna nauyi ne a lokacin tambaya, ta yadda injin ɗaya zai ba mai tirela amsa dabam, mai babur dabam, mai tafiya a ƙasa dabam. A ganina wannan sifa ta ƙarshe ta fi dacewa da ƙasar da yanayin hanyarta ke sauyawa da sauyawar watanni, ko da yake ni da OSRM na fara saboda sauƙin karanta takardar ƙa'idojinsa.

Aikin kansa ba shi da yawa. A sauke kundin ƙasa, a umarci injin ya tsamo hanyoyi daga cikinsa ya bar gine-gine da gonaki, ya shirya jadawalinsa, sannan a tashe shi ya zauna sauraro. Kwamfutar da ke zaune haka tana amsa tambayoyin wasu ita ake kira saba, kuma ga ƙasa guda kamar tamu kwamfutar ofis mai isasshiyar ƙwaƙwalwa ta wadatar. A ɓangaren waya kuwa, manhajar OsmAnd ta Android tana da wurin da ake shigar da adireshin injin da mutum ya ga dama. Daga nan duk lokacin da ka nemi hanya sai ta aika lambobin mafari da na maƙura zuwa sabarka, a dawo mata da layin tafiya da jerin kwanoni, saƙon da bai kai nauyin hoto ɗaya ba, ita kuma ta ci gaba da jagora da murya.

Akwai tarnaƙi uku da na ci karo da su, ina kuma so in ambace su domin kada wani ya sha wahalar da aka riga aka sha masa. Na ɗaya iyakar ƙasa: kundin Nijeriya a bakin iyaka yake yankewa, saboda haka mai nufin Maraɗi ta Jibiya, ko Damagaram ta Daura da Kwangwalam, sai ya sauke na Nijar ya haɗe su wuri ɗaya kafin niƙa, in ba haka ba injin zai ce babu hanya, alhali motocin kaya suna bin ta dare da rana. Na biyu wuta: sabar da ke mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta ba jagaba ba ce, don haka ko dai tsohuwar laftof mai batir a haɗa da sola, ko a kama hayar ƙaramar saba a wurin masu bayarwa, tare da sanin cewa an mayar da wani sashe na amanar hannun wani. Na uku isa gare ta daga waje: layukan intanet na kamfanonin waya galibi suna tara masu amfani da yawa a bayan adireshi ɗaya, ta yadda wayarka ba za ta iya ƙwanƙwasa ƙofar kwamfutar gidanka kai tsaye ba. Maganin wannan shi ne a haƙa rufaffiyar kafa tsakaninsu da manhaja irin WireGuard, wadda kuma take hana baƙin hannu isa ga sabar.

Abin da na gani a bakin rafi

A wata damina na ɗauki hanyar wani ƙauye domin ɗaurin auren ɗan wani aminina, na kuma ƙudurta cewa injina zan bi, in ga iyakar saninsa. Ya raba ni da kwalta ya sa ni wata hanya mai jar ƙasa tsakanin gonakin gero da suka fara fitar da kai, muka yi ta tafiya lafiya, har muryar wayar ta ce in miƙe, ni kuwa na taka birki, domin abin da ke gabana rafi ne cike fal, ruwan ja wur, yana tafe da karare da kumfa. Sawun tayoyi ya gangara cikinsa daga wannan gaɓa, ya kuma ɓullo a waccan. Wasu samari huɗu sun ɗaga babur a kafaɗa suna ƙetarawa, ruwan ya kai musu ƙugu. A gindin wata tsamiya wani dattijo na zaune yana gyaran ƙotar fartanya, na je na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, mota tana wucewa ta nan?" Ya dube ni ya dubi motar, ya ce, "Ɗana, nan mashigi ne. Da rani ko amalanke yana bi, amma yanzu sai ruwa ya janye bayan kaka. Koma ka bi ta gada."

Da na dawo gida na buɗe isnadin wannan layi, sai na tarar wani ɗan sa-kai ne ya zana shi daga hoton sama, kuma a hoton rafin fari fat yake, yashi ne zalla, hanya ta ratsa shi kamar ba komai. Mutumin bai yi ha'inci ba, abin da ya gani ya zana, kuma ba domin aikinsa ba da ƙauyen ma ba ya cikin taswirar. Abin da ya rage aikin ɗan gari ne. Taswirar tana da alamar mashigi, tana da alamar hanyar da ake bi a wani yanayi kawai, tana da alamar irin shimfiɗar hanya. Na sanya su, na kuma ƙara sharaɗi a takardar ƙa'idojin injina cewa a watannin damina ya guji duk mashigi. Washegari na sauke sabon kundi na sake niƙa, na yi tambayar nan dai, sai ga layin ya zagaya ta gada, yadda dattijon ya faɗa. Gyaran taswirar ya zama na duk duniya, duk mai amfani da ita zai same shi. Sharaɗin damina kuwa nawa ne, kuma babu inda zan iya rubuta shi in ba a injin da nake riƙe da shi ba. Da ɗan gari akan ci gari, kuma a ranar na fahimci cewa ilimin da ke kan wannan dattijo yana da ƙofar shiga na'ura, muddin akwai wanda zai ɗauka ya kai.

Irin wannan giɓi ba sabon abu ba ne ga masu aiki a karkararmu. Lokacin yaƙi da cutar shan inna a jihohin Arewa, daga wajejen 2012, sai da aka zana taswirar matsugunai daga hotunan sama aka kuma ba ayarin masu rigakafi wayoyi masu GPS, aka tarar da ƙauyuka da rugage da ba sa cikin jerin da ake aiki da shi.

Sirri, kuɗi, da iyakar abin

Hujjar tsare sirri tana da ƙarfi, ba na raina ta. Jerin wuraren da mutum ya nemi hanyarsu tarihinsa ne: asibitin da yake zuwa, gidan da yake neman aure, malamin da yake ɗaukar karatu a wurinsa, dilan da yake saro kaya. A Agustan 2018 kamfanin dillancin labarai na AP ya bayyana cewa wasu manhajojin Google suna adana wurin mutum ko da ya kashe tarihin wurare, kuma a Nuwamban 2022 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 391.5 ga jihohi 40 na Amurka a kan wannan batu. A farkon 2018 ma taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa ta tona wuraren sansanonin soja, saboda sojojin suna gudu da wayoyinsu. Ga ma'aikatar da ke riƙe da adireshin marasa lafiya ko na abokan ciniki, dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora mata nauyin sanin inda bayanan suke zuwa, kuma sabar da ke cikin ofishinta ta sauƙaƙa wannan nauyi. Sai dai adalci ya sa in faɗa cewa kamfanin layin waya yana sane da turken sadarwar da wayarka ke jingine da shi a kowane lokaci, layin kuma an ɗaure shi da lambar ɗan ƙasa. Kafa injin gida ya toshe ƙofa ɗaya ce, bai toshe duka ba.

Batun kuɗi kuwa bai shafi mai tambayar hanya shi kaɗai ba, ya shafi wanda zai gina sana'a a kai. Tun Yulin 2018 Google ya sake tsarin farashin taswirarsa ga masu gina manhajoji, ana biya gwargwadon yawan tambaya, da dala, ta katin banki. Mai rarraba kaya da ke son jadawalin nisa tsakanin shaguna 100 yana neman amsoshi kusan 10,000 a tashi ɗaya. Injin gida zai ba shi wannan kullum safiya, har ya jera masa wanda zai fara kaiwa da wanda zai ƙare da shi, ba tare da kwabo ya fita ƙasar ba.

Abin da za a rasa shi ma a fili yake. Manyan kamfanoni suna sanin cunkoso nan take saboda miliyoyin wayoyi suna ba su rahoton gudunsu, wato da sirrin nan da muke son tsarewa ake sayen wannan sani. Injin gida bai san an yi haɗari a kan gada ba sai an faɗa masa. Ana iya ciyar da shi da gudun da motocin ƙungiya suka yi a zahiri, hakan zai koya masa ɗabi'ar titi a safiya da maraice, amma ba zai kai nasu ba. Neman wuri da suna ma yana da rauni, domin adireshinmu kwatance ne, kuma wani ya rubuta Ƙofar Mata da ƙugiya wani ya rubuta babu, wani ya sa Zinder wani ya sa Damagaram, alhali taswirar ta tanadi gurbin sunan Hausa daban ga kowane wuri, gurbin da sau da yawa ake barinsa fanko.

Mafi nauyin iyakoki shi ne saba, komai kusancinta da zuciyarka, sai da sabis ake isa gare ta. A Satumban 2021 an rufe layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya, sannan a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, saboda matsalar tsaro. A irin wannan hali sabar gida da ta kamfanin waje duk ɗaya suke, babu mai amsawa. Abin da ke aiki a lokacin shi ne manhajar da ta sauke taswira cikin wayar tana lissafi da kanta, kamar OsmAnd ɗin nan ko Organic Maps, domin taurari ba su daina magana ba. Saboda haka hukuncin da na tsaya a kai shi ne, mutum ɗaya mai tafiyar kansa bai bukatar saba. Ya sauke taswirar jiharsa da maƙwabtanta cikin waya ya wadatar, sirrinsa ma ya fi tsaruwa. Saba ta jama'a ce: ƙungiyar direbobi, asibiti mai motocin ɗaukar marasa lafiya, masu rarraba magani ko taki, waɗanda ke bukatar ma'auni ɗaya da za a gyara a wuri ɗaya ya isa wayoyi hamsin a lokaci guda. Su ma wajibi ne kowace wayarsu ta kasance da taswirar cikin gida a matsayin guzuri.

Roƙona ga sassan nazarin ƙasa da na kimiyyar kwamfuta da ke wakilce a wannan zaure shi ne su sanya wannan cikin aikin ɗalibai: kowane ɗalibi ya ɗauki mazaɓarsa, ya taka ta da ƙafa, ya zauna da direbobin tasha da masu unguwanni, ya shigar da mashigai da gadoji da irin shimfiɗar hanya da sunayen Hausa da ƙugiyoyinsu, bisa sharaɗin kada ya kwafo komai daga taswirar wani kamfani, domin ƙa'idar aikin ta hana, kuma abin da aka kwafo cire shi ake yi. Sashen kuma ya ajiye saba guda a harabarsa, a buɗe ta ga asibitoci da ƙungiyoyin sufuri na jihar. Ku kuma da ke zaune a nan, ina roƙon kowannenku, kafin ya kwanta yau, ya buɗe OpenStreetMap ya nemi layin gidansu. In ya tarar babu suna, to ya rubuta.